Kafin ka zagi ɗan aiken kwamfuta, duba takardar da ka ba shi

Kawuna dillalin kayan gwari ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Tumatir da attaruhu da tattasai daga Kano da Jos, albasa daga wajen Aliero. Ni kuwa manhaja nake rubutawa. A Agege nake kwana, a Yaba nake yini. Bara ya kira ni ya ce waya ta hana shi barci. Tun kafin assalatu masu sari da masu gidajen abinci suke cika masa WhatsApp: wannan farashi take tambaya, wannan a ajiye mata kwando uku, wancan yana rantsuwa ya turo ciko.

"Ɗana, tunda an ce yanzu kwamfuta na magana, ka sa ta riƙa amsa mini mutanen nan."

Na ce, "To Kawu, za a gwada."

Na haɗa masa irin wakilin nan na ƙirƙirarriyar basira wanda bayan amsa magana har aiki yake yi. Ni ɗan aike nake ce masa, don haka ɗin yake. Na ba shi kayan aiki shida: na duba farashi, na buɗe oda, na gyara oda, na duba bashi, na tura hanyar biyan kuɗi, da na miƙa magana ga Kawu idan abu ya fi ƙarfinsa.

Kwana huɗu da farawa, wata Iya mai gidan abinci a Ketu ta sayi kaya na naira 45,000. Ɗan aike ya tura mata hanyar biyan naira 450. Allah ya sa mace ce mai amana, ta kira Kawu tana dariya, wai ko sadaka aka fara rabawa. Kawu bai yi dariya ba.

Na buɗe tarihin hirar da fushina, na gama shirin ɗora wa na'ura laifi, sai na tarar nawa ne. Tsare-tsaren karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack da Stripe da ƙaramin kuɗi suke lissafi, a wajenmu kobo ke nan, kuma sun rubuta haka ɓaro-ɓaro a takardunsu. Na san da wannan. Amma a bayanin da na rubuta wa ɗan aike, abin da na sa a gurbin kuɗi shi ne "adadin kuɗi", shi ke nan. Ya ga 45,000 ya zuba 45000, aka karanta shi a kobo. Ruwa ba ya tsami banza.

Ga yadda nake auna bayanin kayan aiki tun daga ranar.

Da farko ka san iyakar abin da ɗan aiken yake gani. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da hanyar da manhajarsa za ta riƙa kiran kayan aiki a watan Yunin 2023, har zuwa lokacin da kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP, wato tsarin bai ɗaya na haɗa irin waɗannan wakilai da kayan aiki, a Nuwamban 2024, ginshiƙin bai canza ba. Abu uku ake nuna masa game da kowane kayan aiki: sunansa, bayaninsa, da tsarin guraben da zai cike, wanda ake rubutawa da JSON Schema, wato salon rubutu na fayyace abin da kowane gurbi zai karɓa. Ba ya ganin abin da ka rubuta a cikin manhajar. Ba ya ganin rumbun bayananka. Bai taɓa taka laka a Mile 12 ba. Idan ya yanke shawara, sai ya rubuto sunan kayan aikin da abin da ya zuba a gurabe, manhajarka ta aiwatar, ta mayar masa da sakamako. Duk abin da ke kanka wanda ba ka sauke a waɗannan wurare uku ba, a wajensa babu shi.

Saboda haka gwajin farko ba ya buƙatar kwamfuta ko kaɗan. Na buga bayanan shida a takarda na miƙa wa ɗan maƙwabcinmu da ke karatu a jami'ar Legas, yaro mai kai amma wanda bai san harkar gwari ba. Na ce masa: a kan kowanne ka gaya mini yaushe za ka ɗauke shi, yaushe ba za ka ɗauke shi ba, me za ka zuba a kowane gurbi, me kake sa ran zai dawo maka. Bai kai rabi ba ya fara: "Yaya, kwandon nan babba ne ko ƙarami? Inda ka rubuta 'abokin ciniki', suna zan sa ko lambar waya? Farashin na yau ne ko na ranar da aka yi oda?" Kowace tambaya na rubuta ta a gefe, don kowacce rami ce a bayanina. An ce matambayi ba ya ɓata. To shi ɗan aiken kwamfuta bai cika tambaya ba. Inda yaron nan ya tsaya ya ɗago kai, shi canka zai yi ya wuce, kuma da cikakken ƙarfin gwiwa. Kar ka ba abokin aikinka wannan gwaji. Ya san abin da kake nufi, zai cike ramukan da kansa ba tare da ya lura ba.

Bayan nan sai ka tara saƙonni na gaskiya. Nan ne mutane suke ha'intar kansu. Idan kai ka zauna ka ƙirƙiro tambayoyin gwaji, za su fito tsaf-tsaf, da kalmomin da ka sa a bayanin, ɗan aike ya cinye duka, ka ɗauka ka gama. Ni da izinin Kawu na kwafo saƙo 60 daga wayarsa, na goge sunaye da lambobi. Wasu da broka, wasu Yarbanci da Turanci a cakuɗe, wasu Hausa ce ta masu saurin yatsa wadda ba ƙugiya ba aya. A Google Sheets na jera su, gaban kowanne na rubuta abin da ya kamata a yi: wane kayan aiki, da me za a zuba a gurabe. Inda na yi shakka, Kawu na tambaya, don shi ne alƙalin wannan harka.

Ka tabbata tarin ya ƙunshi irin saƙonnin da ba a so a taɓa komai. "Alhaji ina kwana, ya kasuwa?" gaisuwa ce, ba tambayar farashi ba, ɗan aiken da ya ruga ya duba farashi a kan wannan, gobe zai buɗe oda a kan wasa. Ka sa waɗanda bayaninsu bai cika ba, inda abin da ya dace shi ne ya tambaya. Ka sa masu buƙatar kayan aiki biyu a jere. Sannan ka ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ni 15 na ware, ka rufe su kar ka sake dubawa sai ka gama duk gyare-gyarenka. In ba haka ba, za ka yi ta gyara bayani har ya dace da saƙonnin da ke gabanka kaɗai, kamar ɗalibin da ya haddace amsoshin jarrabawar bara.

Kowane saƙo ka gwada shi aƙalla sau biyar. Waɗannan manhajoji ba sa maimaita amsa ɗaya daidai kullum, kuma lissafin yana da ban tsoro idan ka zauna ka yi shi. A ce ɗan aike yana dacewa sau 9 cikin 10. Ka ji kamar ya yi. Amma yiwuwar ya dace sau biyar a jere ba tare da tuntuɓe ba kusan kashi 59 ce cikin ɗari. Sau takwas a jere kuwa kusan 43. Masu bincike na kamfanin Sierra da suka fitar da ma'aunin τ-bench a 2024 irin wannan awon suka dage a kai, wato ko wakili zai iya cin aiki ɗaya sau da yawa a jere. Ita Iya ta Ketu kusan kullum take saye. Dacewar rana ɗaya ba ta dame ta ba.

Wajen ba da maki, kar ka tsaya a kan "ya ci" ko "ya faɗi". Ni gida huɗu nake buɗewa: ya ɗauki kayan aikin da ya dace? Ya cike gurabe daidai? Ya kame hannunsa inda ya kamata ya kame? Da ya yi kuskure, ya iya gyarawa? Dalili shi ne kowane gida inda yake nuna maka daban ne. Faɗuwa a na farko da na uku yawanci daga suna ne ko bayani. Na biyu daga tsarin gurabe. Na huɗu daga saƙon da manhajarka ke mayarwa.

A gidan farko, ka rubuta har da abin da ya ɗauka a maimakon na daidai. Da na yi haka sai na ga kusan duk ɓarnar a wuri ɗaya take: buɗe oda da gyara oda. Mace ta riga ta yi odar kwando uku da daddare, da asuba ta rubuto a ƙara mata biyu, sai ɗan aike ya buɗe sabuwar oda ta biyu. A ido kamar ba komai, ai biyar ɗin ne. Amma oda biyu na nufin ɗan dako biyu, kuɗin dako biyu, da rigima a bakin rumfa. Na duba abin da na rubuta. Na farko: "Yana buɗe oda ga abokin ciniki." Na biyu: "Yana sabunta oda." Ni kaina da za a tashe ni daga barci a ba ni waɗannan, ban san wanda zan ɗauka ba. Ga ma'anar abin da na mayar da na farkon:

"Yana buɗe sabuwar oda. Yi amfani da shi kawai idan abokin ciniki ba shi da odar da ba a kai masa ba tukuna. Idan ya ce a ƙara, a rage, ko a canza, duba odar da yake da ita ka yi amfani da na gyara oda. Buɗe oda yana ware kaya daga abin da ke rumfa, don haka kar ka kira shi domin amsa tambayar farashi."

Ka lura da abin da ya ƙaru: lokacin amfani, lokacin bari, sunan ɗan'uwansa da za a koma wa, da abin da zai faru a duniyar gaske idan aka taɓa shi. A ganina jimlar da ta fi kowacce aiki a bayani ita ce mai cewa "kar ka yi amfani da wannan idan...", kuma ita ce muka fi mantawa da rubutawa.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka sake gwaji, ka rubuta maki, sannan ka taɓa na gaba. Na san da gajiya. Na taɓa gyara bayani uku lokaci guda ina cikin motar BRT a cunkoso, maki ya sauka, na kwana biyu ban gano wanne ne ya jawo ba. Kuma duk lokacin da ka gyara ɗaya, saƙonnin duka za ka sake gwadawa, don ƙarfafa bayanin wani kayan aiki yakan janye ɗan aike daga maƙwabcinsa.

Akwai wasu dabaru biyu da nake jin daɗinsu, don suna tona asiri da wuri. Ta farko: goge bayanin gaba ɗaya ka bar suna kawai, ka gwada. Idan maki bai motsa ba, to ko dai bayaninka ba ya aikin komai, ko saƙonnin gwajinka sun yi sauƙi da yawa. Ta biyu kishiyarta ce: ka bar bayanin, ka mayar da sunayen marasa ma'ana, kaya na ɗaya, kaya na biyu. Idan maki ya rushe, suna ne yake ɗauke da nauyin duka, kuma ranar da ka ƙara wani kayan aiki mai suna makamancinsa za ka ga ta kanka.

Sai gurabe. Nan ƙa'idata gajera ce: duk gurbin da mutum biyu masu hankali za su iya cikewa ta hanya biyu, bai gyaru ba. Kuɗi, naira ko kobo? Lambar waya, da sifili a gaba ko da +234? Kwanan wata, 03/04 uku ga Afrilu ne kamar yadda muke rubutawa, ko huɗu ga Maris irin na Amurka? Ka ce shekara, wata, rana, ka ba da misali ɗaya. Ga wani tarko da ya kama ni: Legas tana gaban agogon UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya, kuma na'urar da manhajata ke zaune a kai da UTC take aiki. Duk wanda ya rubuto "gobe" tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya, ranar da ake lissafa masa tana zamewa da kwana guda. 'Yan gwari kuwa a irin wannan lokacin suke ido biyu suna jiran mota. Inda zaɓi ƙidayayye ne, kamar babban kwando, ƙaramin kwando, buhu, kar ka bar gurbin a buɗe. JSON Schema yana da hanyar jera zaɓuɓɓuka ta yadda dole a ɗauki ɗaya daga ciki.

Wani lokacin kuma maganin ba a bayani yake ba. Maganar kobo, da farko na rubuta da manyan baƙaƙe cewa a ninka da ɗari. Ya bi, amma hankalina bai kwanta ba; me zai sa in bar lissafin kuɗin Kawu a hannun wanda ke iya mantuwa sau ɗaya cikin hamsin? Na koma cikin manhajar na sa gurbin ya karɓi naira, ita ta mayar kobo da kanta. Idan ka ga kana ta tsawaita bayani don kare wani tarko, cire tarkon.

Gida na huɗu sai ka lalata abu da gangan kafin ka gan shi. Ba shi lambar wayar da babu, ko kayan da ya ƙare, ka zuba ido. Da manhajata lambar kuskure kawai take mayarwa, 400, ba ƙarin magana. Ɗan aike sai ya sake tura abu ɗaya sau uku, daga nan ya ce wa abokin ciniki an sami matsala. Na mayar da saƙon ya zama: "Ba a sami abokin ciniki da wannan lamba ba. Rubuta ta da +234 a gaba, ba tare da sifilin farko ba. Idan sabo ne, tambaye shi sunansa." Saƙon kuskure ma bayani ne, kuma yana zuwa daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Ka ƙirga kira nawa yake yi kafin ya dawo hanya. In ya wuce biyu, gyara saƙon.

Tsawo yana da kuɗinsa. Duk bayanan kayan aikinka ana tura su tare da kowace buƙata, kuma da gutsattsarin kalmomi ake cajinka, da dala. Haka sakamakon da kayan aiki ke mayarwa. Nawa na duba bashi da tarihin cinikin mutum gaba ɗaya yake kwasowa, ɗan aike ya nutse a ciki har ya karanto bashin da aka biya tuni. Yanzu ciko yake mayarwa da ciniki uku na ƙarshe. Game da harshe kuwa, Hausa takan ci gutsattsari fiye da Turanci a yawancin waɗannan manhajoji, don haka da Turanci nake rubuta bayanan, amma ina dasa kalmomin kasuwa a ciki: ciko, kafin alƙalami, la'ada, dako, kowacce da ma'anarta. Kai ma gwada harsunan biyu a kan saƙonninka, maki ya raba gardama.

Duk da maki, ka karanta hirarrakin da idonka, ko da ashirin ne. A can na ga ɗan aike yana cin jarrabawa ta hanyar banza: yana kiran na duba farashi sau uku kafin kowace oda, don ban gaya masa farashi ba ya canzawa a cikin hira ɗaya ba. Maki bai nuna wannan ba, kuɗin wata ne ya nuna. Za ka iya ba wata manhajar bayananka ka ce ta nemo inda suka yi duhu, tana da ido a kan haka. Za ka iya tambayar ɗan aiken me ya sa ya yi kaza. Amma amsarsa zato ce mai daɗin ji, kar ka ɗauke ta hujja. Gyara ka sake gwadawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Idan kuma kayan aikin ba kai ka rubuta ba, ɗauko shi ka yi daga wata tashar MCP ta wasu, to karanta bayaninsa kalma-kalma kafin ka haɗa. A Afrilun 2025 masu binciken tsaro na Invariant Labs sun nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, wanda mai amfani ba ya gani a allo amma wakili yana karantawa yana bi. Ƙa'idar MCP tana da alamar da kayan aiki zai ce shi karatu kawai yake yi, ba ya canza komai, sai dai wannan faɗar mai kaya ce, ba wanda ya rantsar da shi. Duk abin da zai taɓa kuɗi ko ya goge wani abu, ni sai mutum ya danna amincewa. Kuma ranar da ka canza manhajar da ke ƙarƙashin ɗan aiken, ko masu ita suka fitar da sabuwa, ka sake gwajin daga farko. Bayanin da wata ta fahimta, wata tana iya ɗaukarsa da zafi fiye da kima, musamman inda ka yi ihu da manyan baƙaƙe.

Da na gama, na buɗe saƙonni 15 ɗin da na rufe. Goma sha huɗu sun wuce sau biyar-biyar. Na ƙarshen daga wata tsohuwar abokiyar cinikin Kawu ne, kalma uku: "Alhaji, kamar kullum." Ɗan aike ya duba odarta ta ƙarshe ya maimaita, abin da ni ma zan yi ke nan. Ranar Asabar na shiga kasuwa na sami Kawu a rumfa ana sauke mota, na nuna masa.

Ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido, ya ce, "Wannan? Ai kullum ɗinta biyu ne. In Alhamis ce kwando huɗu take nufi, don tana da masu biki a ƙarshen mako. Sauran ranaku biyu. In kuma tumatir ya yi tsada, ɗaya ne da rabin buhun tattasai, ba sai ta faɗa ba."

Na ce, "Kawu, wannan a ina aka rubuta?"

Ya nuna kansa da yatsa, ya juya yana yi wa 'yan dako faɗa a kan kwandon da suka jingine a rana.

A nan tsaye, jakata a ƙirji saboda turereniya, na buɗe bayanin kayan aiki na shida na ƙara layi ɗaya: idan abokin ciniki ya ce "kamar kullum" ko makamancin haka, kar ka buɗe oda, miƙa wa Alhaji. Na gwada sau biyar a cikin danfo kafin mu kai Ojota.